Masu Rikiɗa Kura a Birnin Kano: Ko Za Su Iya Yin Garke?



Tambayar da aka ɗora mini yau irin wadda dattijo zai ji ne ya girgiza kai, ya ce yaran zamani sun rasa aikin yi. Wasu daga cikinku masu wasannin kwamfuta, waɗanda ke da burin shirya nasu wasan da zai gudana a cikin tsohon birnin Kano, su ne suka yi gardama a kan mutanen nan da ake cewa suna rikiɗa su zama namun daji da dare. Wasu suka ce irin waɗannan mutane za su iya haɗuwa su yi garke, su yi shugaba, su riƙa fita farauta tare. Wasu suka ce sam, mai rikiɗa shi kaɗai yake yawonsa. Tun da farko bari in wanke kaina gaban malamai: ban zo in ce ɗan Adam yana zama dabba ba. Amma ƙagaggen labari ma yana da dokarsa. Idan ka ce mana a duniyarka mutum yana zama kura, mun karɓa, ba mu ja ba. Daga nan kuwa sai mu tambaye ka me take ci, ina take kwana, wa take aura, kuma maƙwabta suna ina duk ake wannan. In ka kasa amsawa, wasanka ya rushe tun ba a fara ba.

Turawa su ne suka cika duniya da wannan labari, kuma dabbarsu ita ce kyarkeci. A nan sai an lura, domin kyarkecin da mafarautanmu suka sani karen daji ne mai dabbare-dabbare, na Turai kuwa wata dabba ce dabam wadda masu fassara suka ara wa sunan. A labaran Turai na dā ana samun mai rikiɗa shi kaɗai, ana kuma samunsu a taro. A shekarar 1555 wani limamin kirista ɗan ƙasar Suwidin, Olaus Magnus, ya rubuta cewa a ƙasashen gabashin tekun Baltik masu rikiɗa sukan taru da yawa a daren Kirsimeti, har su yi gasar tsallake katangar wani rusasshen gini. A 1692 kuma aka gurfanar da wani tsoho mai suna Thiess a Liboniya, ya ce shi da 'yan'uwansa masu rikiɗa ƙungiya ce mai yaƙi da matsafa domin kare amfanin gona. Sai sinima ta zo, musamman fim ɗin The Wolf Man na 1941, ta yaɗa siffar da yawancinku kuka sani, watau mutum guda wanda aka ciza, yana fama da la'anarsa shi kaɗai.

Garke mai shugaba wanda ya hau mulki da ƙarfin haƙori, wanda ya cika wasanni da littattafai, daga gidan namun daji ya fito. A 1947 Rudolf Schenkel ya buga bincikensa a kan kyarketan da aka tsare a gidan namun daji na Basel, a Suwizalan. Dabbobi ne da ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, aka cusa su a shinge guda, saboda haka suka yi ta faɗa har aka sami na sama da na ƙasa. David Mech na Amurka ya yaɗa wannan ra'ayi a littafinsa na 1970. Daga baya ya yi bazara 13 yana kallon kyarketai a sake a tsibirin Ellesmere na Kanada, sai a 1999 ya fito ya warware maganarsa. Abin da ya gani shi ne garken kyarkeci iyali ne kurum: uwa da uba da 'ya'yansu na bana da na bara, in yaro ya kawo ƙarfi ya fita ya kafa nasa. Wannan ya kashe rabin gardamarku. Mutum goma da aka ciza a wurare goma, ɗaya mahauci, ɗaya alƙali, ɗaya baƙo daga Agadas, ba abin da zai haɗa su in ban da tsoron juna. Masu wasan Werewolf: The Apocalypse, wanda kamfanin White Wolf ya fitar a 1992, sun hango wannan rami, shi ya sa a duniyarsu haifar mai rikiɗa ake yi, gado ne.

To, mu dawo gida. Mu tamu dabbar kura ce, Amina mai dare. Daga Borno har Habasha, in aka ce mutum ya rikiɗa, kura ce ke fara zuwa a rai. Sigismund Koelle, wani ɗan mishan Bajamushe da ya koyi Barbarci a Firitawun daga bakin wani Babarbare mai suna Ali Eisami, ya buga littattafansa a 1854. A ciki ya kawo kalmar bultu, watau kura, da kalmar aikatau da aka ciro daga gare ta mai ma'anar mutum ya mai da kansa kura, ya kuma kawo labarin wani gari a Borno wanda aka ce duk mutanensa suna da wannan baiwa. Ku lura, gari guda cur. A Habasha kuwa ana kiran irin wannan mutum buda. A bori da tsafin Maguzawa akwai iskan da ake kira Kure. Saboda haka ɗalibin da zai shirya wasan Kano ba shi da bukatar aro daga Turai.

Sai dai tatsuniya ta zalunci kura. Kurar da iyayenmu mata suka ba mu labari wawiya ce, matsoraciya, mai kwaɗayi, kullum ita kaɗai, kullum Gizo ko dila na yi mata wayo. Kurar daji ba haka take ba. Hans Kruuk, ɗan ƙasar Holan, ya bi kuraye dare da rana a Serengeti da Ngorongoro, a Tanzaniya, ya buga littafinsa a 1972. Ya nuna cewa yawancin naman da suke ci a can su suke kashe abinsu, har ma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace musu. Dangi guda yakan kai kura 80. Kay Holekamp da ɗalibanta suna bin kurayen Masai Mara na Kenya tun 1988, kuma abin da suka tabbatar ya fi kowace tatsuniya daɗi. Mace ce shugaba. Mace ta fi namiji girma da zafin rai. Ɗiya tana gadon matsayin uwarta, watau 'yar babbar kura tun tana ƙarama tana iya korar ƙatuwar kura daga bakin nama, domin uwarta na tsaye a bayanta. Namiji in ya balaga sai ya bar danginsa ya tafi wani dangi, ya shiga daga can ƙasa, ƙasan 'yan jarirai, ya yi shekaru yana ladabi kafin a dube shi. Uwa kuwa tana shayar da ɗanta fiye da shekara guda. Wani abu kuma, dangin ba sa yawo gaba ɗaya kamar garken shanu. Sukan watse ɗai-ɗai ko biyu-biyu, sai in babban nama ya faɗi, ko an yi karo da zaki, ko wani dangi ya keto iyaka, sannan a yi kira a taru. Wannan duk a kan kura mai dabbare nake magana. Sayaki, mai zane-zane, ya fi son yawo shi kaɗai, wanda duk ya zaɓe shi a wasansa ya manta da zancen garke.

Saboda haka wanda ya zo mana da Sarkin Kuraye mai rawani da fadawa ya yi kuskure tun daga tushe. Uwa zai nema. Abin mamaki, camfinmu ya riga masu bincike isa wurin nan, domin Bahaushe yana cewa maita a nono ake shanta.

Yanzu mu ɗauki wannan dangi mu kai shi Ƙofar Mata, mu ga ko zai kwana lafiya. Ku mai da hankalinku zamanin da ganuwa take tsaye, kafin Turawa su ci Kano a 1903. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, ciki har da Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ƙofa tana da ƙyaure, tana da sarkin ƙofa, da dare a rufe ta, sai gari ya waye. A ciki kowace unguwa da mai unguwarta, kowane lungu da tsofaffinsa masu zama a dakali, baƙo ba ya sauka sai an san mai masaukinsa. Matsala ta farko ke nan: ta ina za a fita, ta ina za a komo kafin kiran assalatu? Mutum guda zai iya samun tsaguwar da damina ta yi wa ganuwa ya sulale. Mutum 20 kuwa a kowane dare sai sun yi turba, turba kuwa ba ta ɓuya ga mai zagaya ganuwa da safe. Dole ke nan ko dai sarkin ƙofa nasu ne, ko kuwa suna biyansa, kuma ko wanne aka zaɓa an ƙara mutum guda a cikin masu riƙon asiri.

Matsala ta biyu ita ce ciki. Kura na iya lanƙwame nama kilo 14 a zama guda, amma bari mu sassauta, mu ce kilo 2 a dare ya ishe ta. Kura 20, kilo 40 ke nan, watau awaki biyu ko uku a kowane dare, a shekara ya doshi awaki 1,000. A birni kuwa ba akuyar da ba ta da mai ita. Tsohuwar da ta rasa akuya guda sai unguwa ta ji, balle a ce dubu. Wani zai ce ai da rana mutane ne, sun ci tuwo sun ƙoshi. To, in tuwo ya ishe su, me zai fitar da su tare? Yunwa ce ke haɗa farauta. In ka cire yunwa ka cire dalilin garke, in ka bar ta ka tona musu asiri. Mafita ɗaya na gani, kuma a birnin Harar na Habasha take. Shi ma birnin Musulmi ne mai ganuwa, kuma kuraye na gaske suna shigowa cikinsa da dare ta kafofin da ke jikin katanga, su share ƙashi da tarkacen mahauta, har akwai masu ba su nama da hannu a bayan ganuwa, mutanen gari ba su damu ba. Garken da zai rayu a Kano ke nan: masu bin juji da mahauta da mushen jakin da aka jefar bayan gari, waɗanda ba sa taɓa mutum, ba sa taɓa dabbar da ake kiwo, suna kuma hukunta nasu in ya taɓa. Na san wannan ba zai yi wa masu son jini a allo daɗi ba. Amma ku duba irin labarin da zai fito ranar da saurayi guda a cikinsu ya karya doka.

Matsala ta uku ita ce ta fi girma, watau rana. Kurar daji in gari ya waye sai ta shige rami. Mai rikiɗa kuwa sai ya fito masallaci, ya je kasuwar Kurmi, ya gai da surukai, ya amsa kiran mai unguwa. Me zai riƙe mutum 20 a kan sirri guda shekara da shekaru, alhali a cikinsu akwai mai bashi, akwai mai kishiya, akwai wanda aka ɓata wa rai? A nan ne Ƙofar Mata ke da darasi. Ana cewa marinar nan ta kafu tun 1498, kuma har yau akwai masu tsoma zane a cikinta. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar baƙin rinin birnin yana kaiwa Timbuktu da Gat da Tarabulus. Ba dokar sarki ce ta riƙe sana'ar nan tsawon wannan zamani ba. Yaro ya taso ya ga ubansa a bakin karofi, ya koyi yadda ake haɗa baba da toka da katsi, ya san kwanakin da ruwa ke yi kafin ya nuna, ya san wane dattijo ake kai wa ƙara in an saɓa. Abincinsu ɗaya, asararsu ɗaya, sunansu ɗaya. Haka ma gardawa masu wasa da kura, waɗanda Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya bi yana ɗaukar hotonsu a 2005 da 2007. Ayarin da ya tarar 'yan'uwa ne, suna yawo gari-gari da kuraye cikin takunkumi, da gwaggon biri, da mesa, suna sayar da magani, lakanin kuwa daga iyaye aka karɓo shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana, amma ko gardin ma ba ya karɓa shi kaɗai.

Amsata ga masu gardama ita ce, garken masu rikiɗa yana iya tsayuwa a duniyar wasa idan gida ne guda, mai gado, mai sana'ar rana wadda ke ba su hujjar fita da dare, mai kuma tsohuwa a ƙuryar ɗaki wadda ba a ƙetare maganarta. Kuma ga wani ƙulli da zan ba marubutanmu kyauta. A wurin kura namiji ne ke tarewa a dangin mace. A wurin Bahaushe mace ce ke tarewa a gidan miji. In abin a nono ake shansa, to kowace ɗiya da aka aurar ta ɗauki sirrin ta kai shi wani gida, wata unguwa, ta haifa wa mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba 'ya'yan da ba irinsa ba. In kuwa suka ce sai auren zumunci, ba a jima ba za a fara tambaya me ya sa gidan wane ba sa ba bare. Da rana miji ne mai gida, da dare matarsa ce gaba da shi. Wanda ya kasa fitar da labari daga wannan ya bar alƙalami ya nemi wata sana'a.

Amma akwai abin da ya sa na karɓi wannan gayyata, ban mai da ita wasan yara ba. Duk hujjar da na kawo ta kai mu ga cewa garke gida ne, wannan kuwa ita ce hujjar da ake kashe mutane da ita a duniyar gaske. Muddin ana ganin mugu shi kaɗai ne, zargi a kansa yake tsayawa. Ranar da aka ce abin gado ne, to uwarsa ta shiga, 'ya'yansa sun shiga, jikokin da ba a haifa ba sun shiga. A 1589 aka kashe Peter Stumpp a garin Bedburg na Jamus bisa zargin rikiɗa kyarkeci, bayan an gana masa azaba ya amsa, aka kuma haɗa da ɗiyarsa da matar da yake zaune da ita. A Habasha maƙera da masu ginin tukwane da Yahudawan ƙasar su aka yi ta liƙa wa sunan buda, ana ƙin cin abinci da su, ana ƙin aurensu. A nan Nijeriya, tsakanin 1945 da 1948, a tsohon Lardin Kalaba, an sami mutuwar kusan mutum 200 waɗanda aka ce mutanen da ke zama damisa ne suka kashe. Hukumar Turawa ta gamsu cewa akwai ƙungiya, ta rataye mutum 77. David Pratten, wanda ya bi takardun shari'ar ya buga littafi a 2007, ya nuna yadda rikicin sadaki da na gona da na bashi suka cakuɗe a cikin lamarin, da yadda tun a lokacin wasu jami'ai suke zargin cewa damisar daji ce ta yi wani sashe na ɓarnar.

Ba sai mun je Kalaba ba. Kowa a ɗakin nan ya san gidan da ake raɗa a kansa. Ya san auren da aka fasa bayan an kai kuɗi, domin wata gwaggo ta yi bincike ta dawo ta ce kakar yarinya "ba a rasa ba". Ya ji labarin tsohuwar da aka tilasta wa ta tsallaka maras lafiya a gaban taro, ko aka kore ta daga ƙauye, ko abin da ya fi haka muni. Ku da za ku zama alƙalai da 'yan sanda da jami'an ƙananan hukumomi, ku sani dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 216 ta mai da kiran mutum maye laifi, har ma barazanar kiransa. Dokar tana nan, sai dai da wuya ka ji an yi aiki da ita.

Saboda haka ina roƙon masu shirya wasan abu guda. Na kawo marina da gardawa ne domin in nuna yadda gado da sana'a ke riƙe mutane, ba domin ku ɗora musu kura ba. Kada ku sa garkenku a cikin sana'ar da take akwai, ko unguwar da take akwai da sunanta, ko ƙabilar da ke zaune tare da mu. Yaron da ya yi wata uku yana farautar marina ko maƙera ko mahauta a allo zai wuce ta Ƙofar Mata ya ga mutum da shuɗin hannu, kuma abin da ya shiga kansa ya riga ya shiga. Ku ƙagi gidanku, ku ƙagi sana'arsa, ku raɗa masa sunan da ba na kowa ba.

In kuwa shawarata za ku bi, kada ma ku ba mai wasa matsayin kura ko na mafarauci. Ku ba shi matsayin mai unguwa. An wayi gari an ga sawu a gindin ganuwa, an rasa ɗan maraƙi, wani yaro kuma yana zazzaɓi yana kiran sunan wata tsohuwa. Jama'a sun cika ƙofar gidansa da sanduna. Gidaje biyar ake zargi, ɗaya ne kaɗai ke rikiɗa, kuma mai yiwuwa ba su suka ci maraƙin ba, domin kurar daji ma tana zuwa juji. Yana da kwana uku kafin Hakimi ya aiko a kira shi. Duk gidan da ya nuna da yatsa, ko da gaskiya ko da kuskure, 'ya'yansa mata ba za su auru a birnin ba har abin da hali ya yi, kuma wasan ya riƙa nuna masa su a kowane mataki na gaba, suna girma a zaure.

Shugaba, na ga ana ɗaga mini agogo. Nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.